Yaya ake ƙiyasta sharar lantarki ta gidaje, ofisoshi da masana'antu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin kula da muhalli. An ba ni aikin in ƙiyasta yawan sharar kayan lantarki da wani babban gari ke fitarwa a shekara, in kuma kasa ta uku: ta gidaje, ta ofisoshi da wuraren kasuwanci, da ta masana'antu. Na yi mako biyu a juji ina auna abin da motoci ke kawowa, amma abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Ni ce na yi kuskure, ko garin ne ba ya fitar da ita da yawa? Ta ina ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: me ya sa juji bai nuna miki komai ba, da kuma yadda za ki samu adadi uku da za ki iya karewa a gaban malamanki. Ba garin ne ba ya fitar da sharar ba. Kin je nemanta ne a wurin da ba ta cika zuwa ba. Sharar kicin tana wari, dole a fitar da ita yau ko gobe. Matacciyar waya kuwa ba ta damun kowa, tana iya shekara biyar a cikin durowa. Firijin da ya mutu yana da ƙarfe da jan ƙarfe a jikinsa, don haka 'yan jari-bola sun ɗauke shi tun kafin motar shara ta iso. Abin da ke kai wa juji shi ne wanda kowa ya raina. Saboda haka masu wannan aiki ba daga mafita suke ƙirga ba, daga mashiga suke ƙirgawa: me ya shigo hannun mutane, yaushe ya shigo, shekara nawa zai yi kafin a rabu da shi.

Ko alƙaluman duniya haka ake samo su. Rahoton 2024 na cibiyar horo da bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNITAR, tare da ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ya ce an fitar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, wato kilo 7.8 ga kowane mutum, daga tan miliyan 34 a 2010. Babu wanda ya ɗora tan miliyan 62 a kan sikeli. Abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa a hukumance kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai. Jimillar kuwa lissafi ne ya ba da ita. Ki riƙe wannan bambanci da kyau: abin da aka fitar daban, abin da aka tattara daban. Ke na biyun kika auna, shi ma gutsurensa.

Ki fara shata iyaka

Kafin ki taɓa kalkuleta, ki rubuta a takarda abin da kike kira sharar lantarki. Ma'anar da aka fi bi ita ce duk wani kaya mai filogi ko mai batir, da sassansa, wanda mai shi ya rabu da shi ba da niyyar a sake amfani da shi ba. An saba kasa shi gida shida: masu sanyaya ko ɗumama wuri irin firiji da na'urar sanyaya ɗaki, masu fuskar kallo irin talabijin da laftof, ƙwayayen fitila, manyan kaya irin injin wanki, ƙananan kaya irin dutsen guga, fanka da butar lantarki, sai ƙananan na'urorin sadarwa irin waya da firinta. A ƙarƙashin waɗannan akwai rabe-rabe 54 da ake kira UNU-KEYS, kowanne ya haɗa kayan da suka yi kusa da juna a aiki, nauyi da tsawon rai, kuma an ɗaura su da lambobin HS da hukumomin kwastam na duniya ke rubuta kaya da su. Ki bi wannan rabon ko da kina ganin za ki iya ƙirƙiro wanda ya fi shi, don shi ne zai ba ki damar gwada sakamakonki da na wasu. Batir da aka cire daga na'ura da kayan lantarkin cikin mota, a lissafin duniya ba a sa su nan. In kin ga dama ki ƙirga su, amma a shafi na dabam.

Sannan ki yanke: da guda za ki ƙirga ko da kilo? Amsar ita ce da duka biyun, domin labarinsu ba ɗaya ba ne. Za ki gani nan gaba kaɗan.

Hanyoyi biyu, kuma duka za ki bi

Hanya ta farko daga sama take saukowa. A ɗauki abin da aka ƙera a ƙasa, a haɗa da abin da aka shigo da shi, a cire abin da aka fitar waje. Abin da ya rage shi ne ya shiga kasuwa a wannan shekara. A yi haka ga shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, sannan a rarraba kayan kowace shekara a kan shekarun da za su mutu. Firiji dubu da aka saya rana ɗaya ba rana ɗaya za su mutu ba. Kaɗan za su lalace da wuri, mafi yawa a tsakiya, wasu 'yan taurin kai su haura shekara ashirin. Lissafin Weibull ake amfani da shi wajen zana wannan, da lambobi biyu kacal: ɗaya na nuna siffar tudun da yawan masu mutuwa ke yi a zanen, ɗaya na nuna nisansa a shekaru. Wannan ita ce hanyar da Tarayyar Turai ta mayar ƙa'ida ga ƙasashenta a 2017. Ƙarfinta a matakin ƙasa yake. A matakin gari takan yi rauni, don kwastam ba ta rubuta garin da kaya za su ƙare, kuma ba ta ce wannan laftof na gida ne, wancan na banki ne. Kayan fasa-ƙwauri ba sa cikin littafinta, kuma kayan gwanjo da aka shigo da su sun riga sun cinye wani ɓangare na ransu a wata ƙasa. In kika ba su tsawon ran sabo, kin jinkirta mutuwarsu a takarda kawai.

Hanya ta biyu daga ƙasa take hawa: a ƙirga abin da ke hannun mutane yanzu, a ninka da nauyinsa, a raba da tsawon ransa. Tunda rabo uku ake nema daga gare ki, wannan ce ginshiƙin aikinki, ta farkon kuwa za ta zama abin da za ki gwada da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki takardar tambayoyi guda a kai wa ɓangarorin uku. Kowanne da ƙofar da ake shigarsa.

Gidaje

Gidaje suna da yawa, kowanne yana da kaya kaɗan, kuma babu mai rubuta abin da ya mallaka. Dole a ɗauki samfuri. Ki kasa garin bisa ƙarfin samu da irin muhalli da samuwar wuta, ki zaɓi gidaje a kowane kaso ba tare da son rai ba, sannan ki ninka kowane kaso da yawan gidajensa a ƙidayar jama'a. Gida ɗari huɗu da aka zaɓa da kyau sun fi dubu biyu da aka samu ta hanyar tura tambayoyi a intanet, don mai amsa tambaya a intanet tun farko mai na'ura ne.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don koyarwa kawai. A ce garin yana da gidaje 200,000, kuma 60 cikin ɗari suna da firiji, wato 120,000. A ce kowane firiji kilo 40 ne, yana shekara 12. Duk shekara 10,000 za su fita, tan 400 ke nan. Yanzu a ce kowane gida yana da waya uku, 600,000 ke nan, kowace giram 170, tana shekara 4. Wayoyi 150,000 za su fita, amma nauyinsu bai wuce tan 25 da rabi ba. Wayoyin sun ninka firiji sau goma sha biyar a ƙirge, firiji ya ninka su fiye da sau goma sha biyar a nauyi. Mai shirin sayen mota da gina sito nauyi yake so. Mai shirin kafa wuraren karɓa, ko mai neman zinariya da azurfar cikin allunan na'ura, guda yake so.

Yanzu ki canza abu ɗaya a misalin. In firijin yana shekara 15, tan 320 ne. In shekara 9 ne, ya haura tan 530. Ba ki taɓa yawan gidaje ba, ba ki taɓa nauyi ba, amma amsar ta yi tsalle haka. Tsawon rai shi ne jijiyar wannan lissafi, kuma shi ne abin da mutane suka fi aro daga rahoton wata ƙasa ba tare da tunani ba. Inda gyara yake da sauƙi, kaya sukan daɗe. Inda wuta ke hawa da sauka, ko zafi da ƙura suka yi yawa, sukan mutu da wuri. Wanne ya rinjayi wanne, sai an bincika a wurin. Masu gyara sun fi kowa sanin wannan. Yini guda a shagon mai gyaran firiji kina duba shekarar ƙira a bayan waɗanda ya ce ba za su tashi ba ya fi miki karatun mako.

Wannan lissafi na raba yawan kaya da tsawon rai kai tsaye yana da wata ɓoyayyiyar matsala. Yana ɗauka cewa kasuwa ta cika, wato duk wanda ya sayi sabo tsoho ya maye. A garin da mutane ke sayen firijinsu na farko, yawancin firiji yara ne, ba su kai mutuwa ba, sai lissafin ya zarce gaskiya. Maganinsa ki tambayi shekarun kowane kaya, ba yawansa kawai ba, ki ɗora lissafin Weibull a kan shekarun.

Game da tambayar kanta, na koyi darasi da wahala. A wani aiki da na taɓa jagoranta mun tambayi mutane, "Kayan lantarki nawa kuka zubar bara?" Kusan kowa ya ce babu. Da muka koma da takarda mai hotuna, muna bi ɗaki ɗaki, muna tambayar wanne ke aiki, wanne ke aiki amma an ajiye, wanne ya mutu amma yana nan, sai ga caja, rediyo, tocila, tsofaffin wayoyi suna fitowa daga ƙarƙashin gado. Mutane ba ƙarya suka yi ba, a ganinsu abin da bai bar gida ba ba shara ba ne. Kuma wannan hali na ko'ina ne. Binciken da ƙungiyar WEEE Forum, wadda ta haɗa ƙungiyoyin tattara sharar lantarki, ta fitar a 2022 a kan gidaje a ƙasashen Turai shida ya samu matsakaicin gida yana da kayan lantarki 74, 13 daga ciki a jibge: 9 suna aiki ba a amfani da su, 4 sun lalace. Ki ba wannan jibgin nasa shafi. Shara ce da ba ta fito ba tukuna, kuma ranar da aka buɗe wurin karɓa ita ce za ta fara cika shi.

Nauyi ma kada ki ara. Ki ɗauki sikeli ki auna. Talabijin mai ƙeya ya ninka na bango mai faɗinsa nauyi sau da yawa, gilashinsa kuma yana ɗauke da dalma. Abin da ke mutuwa bana kayan shekaru goma ko sha biyar da suka wuce ne, don haka nauyin wancan zamanin za ki sa, ba na abin da ke kanti yau ba.

Ofisoshi da wuraren kasuwanci

Nan abin ya fi sauƙi ta wata fuska, don akwai takarda. Banki, asibiti, otal, makaranta, ma'aikatar gwamnati, kowanne yana da rajistar kadarori, kuma da yawansu ba sa jiran kwamfuta ta mutu. Jadawali ne ke fitar da ita, galibi bayan shekara uku zuwa biyar. Ki nemi mutum biyu, akanta da mai kula da sito. Akanta zai gaya miki shekarar da aka share na'ura daga littafi, mai sito zai nuna miki ita tana nan a tsaye har rufi. Na taɓa shiga siton wata ma'aikata na tarar da kwamfutocin da littafi ya binne shekaru da yawa, ba a fitar da su ba saboda babu wanda ke son sa hannu a takardar gwanjo, wasu kuma saboda tsoron bayanan da ke ciki. Ranar fita daga ƙofa ita ce taki, ba ranar akanta ba.

Tunda ba za ki ziyarci kowane wuri ba, ki samo ma'auni ga kowane iri: kilo nawa ga kowane ma'aikaci a ofis, ga kowane gado a asibiti, ga kowane ɗaki a otal, ga kowane ɗalibi a makaranta. Sai ki ninka da jimillar garin. Kada hankalinki ya tsaya a kan kwamfuta. Ofis mai ma'aikata 500, kowa da laftof mai kilo 2 da ake canzawa duk shekara 4, kilo 250 kawai zai fitar a shekara ta wannan fuska. Manyan injunan kwafi uku sun kai wannan. Nauyin yana wajen na'urorin sanyaya ɗaki, firijin kantuna, na'urorin riƙe wuta da dogayen fitilu, kuma fitilun nan suna da sinadarin makuri duk da rashin nauyinsu.

Ƙananan shaguna da masu sana'a a gida ba su da rajista, halinsu halin gidaje ne, da hanyar gidaje za ki bi su. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 ta warware irin wannan ruɗani da cewa kayan da gida da ofis duka za su iya amfani da su, in sun zama shara, a lissafa su a na gidaje. Wannan ya dace da mai neman wanda zai biya kuɗin kwashewa, amma ke da aka ce ki raba uku bai wadatar da ke ba.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Kwamfutar da ofis ya sallama ba ta mutu ba. An yi gwanjonta, ma'aikaci ya kai ta gida, ta yi wasu shekaru, ta koma hannun ƙaninsa. In kin ƙirga ta ranar da ta bar ofis, kika sake ƙirga ta a binciken gidaje, na'ura ɗaya ta mutu sau biyu. Akwai hanyar da aka fi sani da sunan jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, wadda ke bin kaya daga mai shi na farko zuwa na biyu, zuwa ajiya, zuwa sarrafawa ko juji, tana ba kowane mataki kasonsa da shekarunsa. Ko ba ki bi ta gaba ɗaya ba, ki ɗauki ƙa'ida guda: shara ta mai riƙon ƙarshe ce. A kowace ma'aikata ki tambayi ina kayan suka nufa, abin da aka sayar ko aka kyautar yana aiki ki cire shi daga kason kasuwanci. Za ki ga kason ya ragu har ya ba ki mamaki, na gidaje ya ƙaru. Haka gaskiyar take.

Wani lokaci kuma kaya kan fita a tare, ba don sun tsufa ba. Da Amurka ta kashe watsa talabijin na tsohon tsari a watan Yunin 2009, da kuma Microsoft ta daina tallafa wa manhajar kwamfuta ta Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, na'urori masu rai sun rasa amfani a wajen masu su. Lissafin Weibull bai san da irin wannan ba. In shekarar bincikenki ta faɗa a kan irinsa, ki faɗa a rahoton.

Masana'antu

Nan samfuri ba ya aiki. Wurare kaɗan ne ke riƙe da mafi yawan kayan, in kika tsallake guda biyu manya kin tsallake rabin amsar. Ki jera manyan duka ki bi su ɗaya bayan ɗaya: masana'antu, kamfanonin sadarwa da turakunsu, cibiyoyin ajiyar bayanai, kamfanonin wuta. Injiniyan gyara shi ne mutuminki, tare da takardun sayar da tarkace, waɗanda galibi da tan ake rubuta su. Fitar kayan ba ta da tsari. Shekara bakwai shiru, ta takwas a sauya layin aiki gaba ɗaya. Ki nemi bayanan shekara biyar zuwa goma ki fitar da matsakaici.

Babbar matsalar nan ta iyaka ce. Injin da ya kai tan goma, akasarinsa ƙarfe ne, allon sarrafa shi kawai ke da kayan lantarki. Duka za a ƙirga ko allon? Dokar Turai ta cire manyan injunan masana'antu da aka kafe wuri ɗaya daga lissafinta. Shawarata ki ƙirga allunan sarrafawa, mitoci, na'urorin awo da na sadarwa, ki bar gangar injin, in ba haka ba inji guda zai danne firijin unguwa guda. Ɓarnar da ake samu wajen ƙera kayan lantarki, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ita ma ki ware ta gefe. Farantan sola kuwa ki rubuta yawan da aka kafa da shekarar kafawa. Suna shekara 25 zuwa 30, don haka yau kasonsu ƙarami ne, tan dubu 600 a duniya a 2022, amma hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta yi hasashen a 2016 cewa tarinsu zai iya kai tan miliyan 78 nan da 2050.

Gwada amsar, da iyakarta

In kin haɗa ukun, ki raba jimillar da yawan mutanen garin, ki ajiye ta kusa da adadin ƙasar da hanyar farko ta bayar. A 2022 Turai tana kan kilo 17.6 ga mutum ɗaya, Afirka tana kan kilo 2.5. Babban gari yakan ɗara matsakaicin ƙasarsa, amma in naki ya ninka shi sau biyar, ki koma ki nemi inda kika ƙirga abu sau biyu. Aikinki na juji ma bai tafi a banza ba. Ki haɗa shi da abin da manyan dilolin tarkace ke saye a wata, da na kamfanonin sarrafawa masu rajista, da jibgin gidaje. Tazarar da ke tsakanin wannan da ƙiyasinki ita kanta sakamako ce. Dilolin ba za su buɗe miki littafi ba a zuwan farko, musamman in kin zo da kama da mai karɓar haraji. Ki tambaye su mota nawa suke lodawa a wata, wannan sukan faɗa.

Kada ki ba da lamba ɗaya. Ki yi lissafin sau uku, da gajeren rai, matsakaici da dogo, ki nuna ƙasa da sama. A abin da na gani, kason gidaje ne ya fi tsayuwa da ƙafarsa kuma yakan fi nauyi, na kasuwanci yana bin yadda kika warware maganar gwanjo, na masana'antu kuwa yana iya ninkuwa ko ya rabe biyu da sauya iyaka kawai. Hanyar nan za ta gaya miki tan nawa, daga wane ɓangare, na wane irin kaya. Ba za ta gaya miki dalma ko makuri nawa ya shiga ƙasa da ruwa ba, wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba kuma za ta ba ki adadin da za a dogara da shi ga unguwa guda ba sai kin ƙara samfuri sosai. In lokaci ya ƙure miki, ki taƙaita a kan kaya goma ko goma sha biyu masu nauyi da yawa, firiji, na'urar sanyaya ɗaki, talabijin, injin wanki, fanka, kwamfuta, waya da fitilu a cikinsu, ki bayyana a shafin farko cewa su kika ƙirga. Ki fara da zuwa wajen masu gyara a makon nan, da sikeli da littafin rubutu.